Tambayoyi da amsoshi kan mayar da kayan numfashin injin tsohuwar mota yadda kamfani ya fito da su

Waɗannan tambayoyi ne da masu tsofaffin motoci da yaran garaj suke yawan kawo mani nan Maraɗi, musamman masu Peugeot 404 bashe da 504 da tsofaffin Land Rover da suka gada wajen iyaye suna son su tada su. Kowa hankalinshi yana kan jikin mota da kujeru, in an ɗaga kapo kuma sai ka tarda an bi komai da fenti ɗaya, jan antiruyi ko ruwan silba, har tiyo har waya ba a bari ba, kuma wallahi abin yana ci mani rai. Maganata a nan kan kayan numfashin inji ce kaɗai, wato marfin kulas, marfin zuba mai, bututun ranifular mai fitar da hayaƙin cikin inji, bawul ɗin PCV mai mayar da hayaƙin cikin inji a ƙone shi ga motar da take da shi, tiyo da koliye, sai gidan filtar iska.

Wai inji numfashi yake yi ne? Mene ne aikin kayan ga?

Yana yi mana. Duk lokacin da wuta ta tashi saman pistan, komai lafiyar segiman, wato zobban pistan, sai wani hayaƙi ya sulale ta gefe ya gangara cikin karter inda mai yake, kuma hayaƙin nan ba shi kaɗai yake tahowa ba, akwai tururin ruwa da ɗanyen isans da bai ƙone ba a cikinshi. In bai samu hanyar fita ba zai taru ya matse, kamar tukunya ce tana tafasa an danne marfinta da dutse, dole ta nemi inda za ta fesa, shi ke nan sai ka ga mai yana tsattsafowa ta juwan marfin kulas, ta gaban inji, ta bayan inji wajen ambirayaj, wani lokaci har joji, sandar auna mai, ya ɗago da kanshi. Ruwan kuma ya haɗu da mai ya zama wani laka mai kauri, ya ci ƙarfe daga ciki. To duk kayan da na lissafa aikinsu ɗaya ne, su fitar da wannan hayaƙi su shigo da iska mai tsabta ba tare da ƙura ta biyo ba.

Me ya sa tawa bututu ne kawai ya sauka ƙasa, ta maƙwabcina kuma tiyo ne ya koma karbirato?

Zamani ne ya bambanta. Tsarin farko bututu ne da yake gangarawa ƙarƙashin mota, bakinshi a yanke a karkace, in mota tana gudu iskar hanya ta ja hayaƙin waje, sabuwar iska kuma ta shiga ta marfin zuba mai da yake da ragar ƙarfe a ciki. Daga baya aka gano hayaƙin nan babban mai gurɓata iska ne, a jihar Kalifoniya ta Amurka aka fara sa ma sabbin motoci bawul ɗin PCV tun 1961, zuwa 1968 kuma rufaffen tsari ya zama dole ga sabbin motoci a Amurka baki ɗaya, wato hayaƙin ya koma cikin inji a ƙone shi. Turai ta biyo baya a hankali, shi ya sa 404 da ta fito 1960 da 504 da ta fito 1968 za ka iya samunsu da tsari daban-daban gwargwadon shekarar da ƙasar da aka yi motar dominta. Kada ka ga na maƙwabci ka ce naka ne aka ɓata, duba lambar injinka da shekararshi tukuna.

Maigida, in an ce yadda kamfani ya fito da shi ba baƙin fenti ba ne kawai?

A'a, kuma nan ne mafi yawan mutane suke ɓata aiki. A injin guda ɗaya za ka samu fuska huɗu ko biyar. Akwai ƙarfen tol da aka buga a inji, irin gidan filta da bututu, shi galibi baƙi ne mai ɗan sheƙi kaɗan, ba mai walƙiya ba kuma ba dusasshe ƙurmus ba. Akwai alminiyom na zubi wanda kamfani bai sa mishi fenti ba sam, ya bar shi da farinshi mai toka-toka, irin marfin kulas na Land Rover mai injin 2.25 da na Mercedes W123 ta gazuwal. Akwai ƙananan ƙarafa da aka yi ma wankan zinki, wasu farare wasu ruwan ɗorawa mai ɗan kore da ja in haske ya buga, Mercedes ta cika amfani da wannan a kusoshi da maƙalai. Akwai masu baƙi-baƙi ko toka mai duhu marar sheƙi da aka jiƙa da mai, wannan fosfat ne. Sai roba, ita dai roba ce, ba a fenta ta.

Abin da nake so mutane su gane shi ne kamfani ba kayan ado ya yi ba, dubban motoci yake fitarwa, fentin siriri ne, wani piyas ɗin ma tsoma shi aka yi cikin fenti aka rataye har ka ga inda ya ɗan zuba ya bushe a gefe ɗaya, alamun walda da lambobin da aka buga duk ana ganinsu ta cikin fentin. In ka shafa mastik ka goge ya yi sumul ka zuba fenti mai kauri yana ɗaukar ido, ka yi aiki mai wahala amma ka yi nesa da asali, wanda ya san motar da kallo ɗaya zai gane.

To an shafe nawa sau da yawa, ta yaya zan san launin asali?

Shaidar tana jikin piyas ɗin, kai dai kada ka yi gaggawar goge ta. Kafin ka taɓa samfefa ko burushin ƙarfe, kwance shi ka wanke da kalanzir da tsumma a hankali, sannan ka duba wuraren da hannun mai fenti ba ya kai: ƙarƙashin koliye, bayan maƙalin da aka ɗaure da kusa, ƙasan gidan filta, inda takardar kamfani take manne, da inda tsohon maiƙo ya daskare shekara da shekaru, don maiƙon nan shi ne ya fi komai tsare fentin asali. In ka samu ko da faɗin farce ne, ɗauki hotonshi da waya a inuwa, ɗaya a bushe ɗaya ka ɗan jiƙa shi da mai, saboda tsohon fenti yana dusashewa, jiƙawar ce za ta nuna maka kusan yadda yake yana sabo. In fenti ya hau fenti, kankare ɗan wuri da reza a kwance kaɗan-kaɗan har ka kai na ƙarshe da yake kan ƙarfe. In kuma ka kai ƙarfe ka ga yana da ɗan ruwan ɗorawa ko fari mai laushi ba tsatsa, to dama can ba fenti gare shi ba, zinki ne.

Ka ɗauki hoton yadda tiyo suka bi da inda kan kusar koliye ya fuskanta ma, ranar haɗawa za ka gode ma kanka.

Na ga hotunan 504 na Faransa a intanet, in bi su?

Ka duba su amma kada su zama alƙalinka. Yawancin 504 da suke yawo tsakanin Maraɗi, Dan Isa, Jibiya da Katsina haɗin Kaduna ne, kamfanin PAN ya fara haɗa Peugeot a can tun 1975 kuma ya ci gaba da 504 har 2006, alhali a Faransa an daina salun ɗinta tun 1983. Wato motar da aka haɗa a Kaduna a shekarun 1990 ba dole ta zama daidai da wadda ta fito daga masana'antar Peugeot ta Sosho a Faransa a 1972 ba, ko a takardun da aka manna ko a irin koliye ko gidan filta. Motocin da aka yi don Afirka ma da yawa filtar mai wanka da mai aka sa masu saboda ƙura, ba ta takarda ba. Sannan rabin hotunan intanet na motocin da aka riga aka gyara ne, kowa da son ranshi. Tsohuwar mota da ba a taɓa buɗe injinta da fenti ba, ko da ta mutu tana zaune bayan wani gida a Tibiri ko Gidan Rumji, ta fi hoto ɗari faɗa maka gaskiya, in ka samu irinta ka roƙi mai ita ka ɗaga kapo ka ɗauki hoto.

Yaran garaj sun ce a jefa shi wuta maiƙon ya ƙone, ya halatta?

Don Allah kada ka yarda. Tol siriri ne, wuta tana lanƙwasa shi, marfin kulas da ya sha wuta ba zai sake zama daidai kan juwan ba har abada. Wasu bakunan bututu da dalma ko jan ƙarfe aka like su, zafi zai sake su. Ragar da take cikin marfin mai za ta ƙone ta zama gari, garin kuma ya bi mai. In akwai zinki hayaƙinshi yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji, in tsohon wankan kadmiyom ne kuwa guba ce sosai. Jiƙa shi cikin gazuwal ko kalanzir ya kwana, ka bi da burushi, sannan ruwan zafi da omo, ka maimaita har sai ruwan da yake fitowa ta bututu ya fito fari, sai ka busa da iskar kwampireso ka shanya a rana nan take.

Feshin yashi fa? Ai shi ya fi sauri.

Ga bututu miƙaƙƙe ko maƙali wanda kake ganin cikinshi da wajenshi, ana iya yi da yashi mai laushi da iska kaɗan. Amma marfin kulas mai farantin tare mai a ciki, da marfin zuba mai mai raga, da gidan filta mai wanka da mai, waɗannan ko kusa kada yashi ya je gare su. Dalili, yashin yana shigewa bayan farantin da aka like da walda ya maƙale cikin tsohon maiƙo, ka wanke sau nawa ba zai fita duka ba, sai ranar da inji ya yi zafi mai ya narkar da maiƙon, yashin ya gangara karter ya bi famfon mai ya je kusine. Injin da aka kashe ma kuɗɗi masu yawa sai ya fara ƙwanƙwasa cikin ɗan lokaci, a waje kuwa marfin yana ta sheƙi, kyan ɗan maciji kenan. Mu da muke fama da rairayi dama ta ko'ina, ba mu da dalilin zuba shi cikin inji da hannunmu.

Tsatsa ta kama, da me zan cire ta ba tare da na cinye ƙarfen ba?

Bayan ka cire maiƙo tas, don tsami ba ya aiki kan maiƙo, jiƙa shi cikin binegar ko ruwan asid sitirik, garin tsamin nan da masu haɗa lemu suke saye, ka riƙa dubawa kana gogawa da burushi, da zafin garin nan aikin yana sauri. In ya fita ka ɗauraye da ruwa mai ɗan bikarbonat, ka busar da sauri, don ƙarfen da ya fito daga tsami kafin ka juya ya fara ja. Akwai kuma hanyar lantarki: bokitin roba, ruwa da garin sodar wanki, wayar baƙi ta cajar batir a jikin piyas, ta ja a jikin wani guntun ƙarfe da ba ka so, kada su taɓa juna, tsatsar za ta saki ba tare da an ci lafiyayyen ƙarfe ba. A fili ake yi saboda iskar da take tashi tana kama wuta, kuma ba a sa ƙarfen inoks a ciki.

Ruwan batir da asid mai ƙarfi na wanke tayil ka bar su, suna cin ƙarfe su shige cikin haɗin tol su ci gaba da ci bayan ka yi fenti. Ka sani kuma kowane tsami yana cire zinki, in piyas ɗin yana da sauran zinkinshi mai kyau kada ka tsoma shi.

Marfina na alminiyom ne ya yi baƙi, in sa soda?

Sodar da mata suke sabulu da ita tana cinye alminiyom, ta bar shi baƙi da ramuka, kanwa ma ba ta yi mishi daɗi in ya daɗe a ciki. Kalanzir, omo, burushin roba ko na inoks mai laushi wanda bai taɓa baƙin ƙarfe ba, da haƙuri. Kada ka sa shi a injin gogewa ya zama madubi, fuskar zubi mai ɗan kaushi ita ce asalinshi kuma in ta tafi ba ta dawowa. Fentin silba ma ban goyi baya ba sai in marfin ya riga ya lalace da tabo ƙwarai.

Wane fenti zan saya?

Marfin kulas da gidan filta ba sa yin zafin bututun hayaƙi, zafinsu bai wuce na man inji ba, wajen digiri 100 ko sama kaɗan, saboda haka abin da ya fi damunsu mai ne da isans ba wuta ba. Fentin inji na gwangwani wanda aka rubuta yana jure mai ya isa. Wanda aka rubuta digiri 600 na bututun hayaƙi ne, dusasshe ne kuma ba ya ƙarfi sai ya gasu da zafi sosai, a kan marfin kulas ba zai taɓa gasuwa ba, isans na ɗiga zai wanke shi. Wanda ya fi duka ƙarko shi ne fentin mota mai haɗi biyu da ake zuba ma dursisar, ruwan da yake sa shi ƙarfi, a fesa da pistole, sai dai tururinshi yana lalata huhu, ƙyallen rufe hanci ba ya tare shi, sai abin rufe fuska na gaske da fili mai iska.

In ba ka samu baƙi mai rabin sheƙi ba, mai fenti zai iya haɗa mai sheƙi da dusasshe, amma su zama iri ɗaya na kamfani ɗaya, ya gwada kan guntun tol ya bari ya bushe ka kara shi da ɗan wurin asalin da ka ɗauka hoto. Share fage siriri, fenti shafi biyu ko uku sirara daga nisan kamar santimita 20 zuwa 25, in har lambar da aka buga jikin ƙarfe ta fara nutsewa to ya yi yawa.

Akwai lokacin da ya fi dacewa a yi feshi a nan?

Akwai. Cikin hunturu ƙura ce matsalar, ko ba ka ganinta tana sauka kan ɗanyen fenti, sai ka shiga ɗaki ko shago ka yayyafa ruwa a ƙasa ka jira ta kwanta, in ka gama ka kifa babban kwali a kai. Cikin bazara, watan Afrilu da Mayu da zafi yake wuce digiri 40, diliyan, ruwan tsinka fenti, yana bushewa tun fenti bai kai jikin ƙarfe ba sai ya sauka da kaushi, don haka da sassafe bayan asuba ake yi kuma kada a fesa ƙarfen da ya sha rana. Da damina in iska ta yi laima fenti yana iya yin hazo fari-fari. Bayan nan ka ba shi kwanaki ya yi ƙarfi kafin mai ya taɓa shi, taɓawa da yatsa ka ji ya bushe ba shi ne ya nuna ba.

Ina da ina ne ba a sa ma fenti?

Cikin marfin kulas, cikin bututu, cikin gidan filta inda mai yake zama, ragar ƙarfe, bakin da juwan yake kwanciya, da duk wani ƙaramin rami. Fentin da yake ciki mai mai zafi zai ɓare shi ya tafi da shi ya toshe ragar famfo. A toshe ramuka da takarda da salatif kafin feshi, a tuna a cire. In takardar kamfani tana nan ko da ta tsufa, irin mai nuna iyakar mai a jikin gidan filta, rufe ta ka fesa kewaye, tsohuwar ta asali ta fi sabuwar bugawa daraja.

Kafin fenti kuma ka kifa marfin tol kan gilashi ka ga ko yana rawa. Yawanci wajen ramukan kusa ya lotsa saboda ɗaurin ƙarfi, a gyara shi da ƙaramar guduma a kan katako tun yanzu, in an fesa an gama ba dama.

Ƙananan ƙarafan masu ruwan ɗorawa fa, yaya zan dawo da su?

In zinkin yana nan ya dusashe ne kawai, wanke da kalanzir da tsumma, shafa ɗan mai, ka bar shi haka, burushin ƙarfe zai share launin cikin daƙiƙa. In ya tafi duka tsatsa ta hau, gyaran gaskiya shi ne a sake mishi wankan zinki da lantarki wajen masu wannan sana'a, ka tara su duka wuri ɗaya ka ɗauki hoto ka ƙirga kafin ka aika, ka kuma faɗa masu fari kake so ko ɗorawa. Fentin gwal na gwangwani ba ya kama da shi ko kaɗan, gara ka sa silba marar sheƙi siriri ka san na wucin gadi ne. Masu fosfat kuma ɗan mai kawai suke so lokaci-lokaci.

Bawul ɗin PCV, a wanke ko a sayi sabo? Tawa ma ban ga bawul ba.

In irin na Toyota Land Cruiser mai injin 2F ne ko na motocin Amurka, girgiza shi kusa da kunne, in yana ƙara ƙwas-ƙwas abin ciki yana motsi, in shiru ya daskare, a jiƙa shi a wanke. Amma ƙarar ba ta nuna ko sifirin ɗin ciki ya gaji, kuma kowane bawul da awon injinshi, in ka sa na wata mota don bakin ya shiga, ralanti zai lalace ko inji ya riƙa shan mai. Ni shawarata in na asali yana aiki a bar shi, a goge bayanshi kawai, ba a fenta shi ba a tsoma shi cikin tsami.

Wanda bai ga bawul ba kuma, motocin Faransa da yawa ba su da shi, wani ɗan rami ne mai awo a cikin tiyo ko a bakin da ya shiga bututun shan iska, ƙarami ƙwarai, shi yake ƙayyade yawan hayaƙin da zai wuce. Yara suna yar da shi tare da tsohon tiyo ba su sani ba, ko su ga ya toshe su faɗaɗa shi da ƙusa, daga nan mota ta fara shan iskar banza a yi ta wahala da karbirato alhali ba laifinshi. A buɗe shi da kalanzir da iska ko siririyar waya mai laushi. Wasu Land Rover na baya suna da wani bawul mai faɗi da fatar roba a ciki, fatar ce take tsagewa, ita ake canzawa. Citroën 2CV kuwa ranifular ɗinta yana cikin wuyan zuba mai, da yake pistan biyun tare suke fita tare suke komowa, in robar ciki ta mutu mai zai fito ta ko'ina.

Tiyo da koliye, ba kowane ba ne?

Tiyon ruwa na radiyata ba ya jure mai, zai kumbura ya yi laushi ya manne in inji ya ja iska, tiyon ban ruwa na lambu kuwa ba a ma maganarshi. Ka nemi baƙin tiyo mai jure mai da isans, mai kauri daidai da na asali, ka bi da shi hanyar da na da ya bi ba tare da ya karye a kwana ba. In rubutun sabon tiyon ya yi yawa juya shi ƙasa. Koliyen asali in suna da rai a wanke a mayar, wasu na waya ne wasu na matsewa, su ne suke ba inji kamannin zamaninshi.

Alhaji yana son a yi ma marfin kurom ya yi kyau, me za ka ce mishi?

Ranka ya daɗe, motarka ce, amma in asali ake nema 404 bashe da ta yi dakon gyaɗa da buhunan hatsi ba ta fito da kurom a inji ba. Wasu motocin Amurka masu ƙarfi sun fito da shi daga kamfani, su ya dace da su. Marfin kurom na kasuwa kuma sau da yawa siriri ne, wasu ba farantin tare mai a ciki, sai tiyo ya riƙa zuƙar mai. In dai sai an yi, a nemo wani marfin daban a yi ma, na asalin a nannaɗe a ajiye.

In cire bututun ƙasa in sa PCV?

Ya danganta da abin da kake so da motar. Bututun ƙasa ba ya jan komai in mota tana tsaye ko tana rarrafe cikin cunkoson Babbar Kasuwa, sai ta ɗau hanya irin ta Tasawa ko Madarunfa, kuma da damina in ka faɗa ruwa mai zurfi yana iya shan ruwa. Motar da ake shiga kullum cikin gari za ta amfana da rufaffen tsari, mai zai daɗe da tsabta. Amma motar da ake son ta zama shaidar zamaninta a bar mata abinta, a riƙa bidanj, wato canjin mai, da wuri ana wanke ragar marfin mai ana ɗan jiƙa ta da mai, don ita kaɗai ce tsakanin ƙurar hunturu da cikin inji. In za ka canza, yi yadda za a iya mayarwa, kada a huda marfin asali kada a yanke bututun.

Na gazuwal ma haka ne?

Fenti da wanki duk ɗaya ne, amma akwai haɗari guda da ya kamata kowa ya sani. Injin gazuwal yana iya cin man injinshi a matsayin makamashi, in segiman sun gaji tiyon numfashi yana kai mai cikin bututun iska, ko an cika gidan filta da mai ya wuce layi, ko an wanke ragar filta da isans an mayar ba ta bushe ba, inji zai iya tashi da gudu shi kaɗai ka kashe makulli ya ƙi mutuwa. Saboda haka a injin gazuwal na Indenor na 404 da 504 da Mercedes da Land Rover na gazuwal, mai daidai layi, raga ta bushe sarai, kuma kada a sauya hanyar tiyo da ka.

Na gyara komai ya yi kyau amma har yanzu hayaƙi na fita ta marfin mai, juwan yana yoyo.

To wannan ba aikin fenti ba ne kuma. Ɗan tururi kaɗan in inji ya yi zafi ba komai, amma in yana bugowa fuf-fuf da ƙarfi har yana ɗaga marfin, segiman ko silinda sun gaji, a auna kwampiresho. In kwampiresho lafiya, koma ka busa kowane tiyo da bututu ka tabbatar iska tana wucewa, ka duba ko an manta takardar toshiya a ciki ko silikon da aka cika ya matso ya rufe hanya. Juwan marfin kulas ba ya son ɗaurin ƙarfi, a ɗaure a hankali ana zagayawa, bayan inji ya yi zafi ya huce a ƙara kaɗan.

A ina zan samu na asali in nawa ya ɓace, kuma yaya zan ajiye wanda na gama?

Wajen masu kwance tsofaffin motoci nan gari, in babu a sa cigiya Katako a Yamai, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna. Tafi da tsohon ko hotonshi da lambar inji, don na 1.8 da na 2.0 ko na shekaru daban suna kama a ido amma bakin tiyo ya bambanta. Na alminiyom in ka gani kada ka ce sai gobe, masu zubin tukwane suna saye da kilo su narke. Mai maiƙo da datti wanda ba a taɓa fentawa ba ya fi wanda aka wanke aka fesa don sayarwa, a ƙarƙashin sabon fentin ne ake ɓoye huji da walda.

Wanda ka gama kuma in ba yanzu za a ɗaura ba, shafa ɗan mai a cikinshi, toshe kowane baki da leda da roba, don zanzaro yana son ramin bututu, zai cika shi da laka cikin kwana kaɗan kuma ba za ka gani ba sai ka leƙa. Nannaɗe shi da tsumma mai tsabta ba jarida ba, jarida tana manne ma sabon fenti da zafi, ka sa a kwali nesa da ƙasa inda ruwan damina ba ya kai, kuma ranar ɗaurawa ka sake busa shi da iska kafin ya hau inji.